Tayar Ciyawa a Hanyar Buza

Samarin da ke kawo mini gyara a rumfata ta bakin kasuwar Madawa suna da maganar da suke tsokanata da ita. Da na ce hawan keke sana'a ce, sai ɗaya ya ce, "Baba, mi a wuya ga keke? Takawa ta kawai." Sauran su kwashe da dariya. Ba na jin haushinsu. Wanda ya buɗe ido ya tarar da kwalta shimfiɗe har Ƙwanni, tayoyi na rataye a kowace rumfa kamar kilishi, dole ya ce takawa ce kawai. Mu da muka hau tun masu keke a garin nan ba su cika tabarma ɗaya ba, takawa ita ce ƙaramin aikinmu. Babban aikin shi ne ka san ƙasar da za ka taka, ka san ranar da za ta ɗauke ka da ranar da kai za ka ɗauki keken.

Ni ɗan manoma ne daga wajen Allakaye. Cin rani ya kawo ni Madawa, na faɗa hannun Alu Maƙeri, mai ƙera hauya da gatari. Keken farko da na taɓa da hannuna na wani tafinta ne, wanda ya faɗa rami da shi, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Babu mai gyaran keke a garin, sai aka ce tunda ƙarfe ne a kai wa Alu. Alu bai taɓa buɗe cikin keke ba, amma bai nuna wa kowa haka ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya dinga kwance abu yana jerawa a yadda ya cire shi, don ya san yadda zai mayar. Da ya buɗe cibiyar taya, ƴan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki suka watse a ƙasa. Muna tsintar su, kazar matarsa ta zo ta haɗiye ɗaya. Alu ya dubi kazar, ya dubi keken tafinta, ya ce a kawo wuƙa. Ranar mun ci nama, matarsa kuwa ta daɗe ba ta gaishe ni ba, wai ni na bar ƙofa buɗe. Tun daga nan ban sake buɗe cibiya ba sai da ƙoƙo a gindina.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Makullin kwance ƙarfe, wanda muke cewa kile, da famfo, da tsofaffin cokula da Alu ya daddale don ɓanɓare taya, da ɗan dutse mai kaushi na goge roba kafin a yi faci, da danƙo a gwangwani. Sai tsinken geza mai kauri, wanda ba a saye ba a ƙerawa, amma da damina ya fi kile amfani. Alu bai bar ni na hau ba sai da na gaji da turawa. Duk keken da muka gyara, ni ke tura shi zuwa gidan mai shi, kuma ba takalmi. In na yi ƙorafi sai ya ce, "In ƙahwarka ba ta san ƙasa ba, ƙaƙa za ka sanin abin da taya ka ji?" A lokacin na ɗauka mugunta ce ta masu gida.

Aikin sarushi, wato aikin gwamnatin Annasara, ta hannun Alu ya same ni. Akwai wani Annasara mai kula da hanyoyi da ke neman wanda zai riƙa shiga gaban kamyonsa, wato babbar motarsa ta kaya. Kamyo guda ne, in ya kafe a laka sai an tashi gari biyu kafin a fitar da shi. Don haka ake so mai keke ya fara bin hanyar, daga Madawa zuwa Buza, daga Buza ya hau duwatsu zuwa Keita, ya dawo ya faɗi inda ruwa ya cinye da inda mota za ta wuce. Aka ba ni keke baƙi, da wando da riga na kaki, da hula mai baki, da takalman fata masu igiya. Ranar da na fara ratsa kasuwa da su, ƙasa ma da kyar nake ganinta. Ana haɗa ni da gardi, wato dogarin Annasara, a kan doki, shi ne mai faɗa wa masu gari inda za su gyara.

Bazara ce ta fara koya mini hankali. Na tashi daga Madawa da hantsi, na cika taya da iska tam, ina jin kaina. Kafin azahar yashi ya yi zafin da ya narkar da danƙon facin, facin suka saki ɗaya bayan ɗaya, na dawo ina turawa yara na bina suna waƙa. Da bazara ba a cika iska, kuma ba a yin faci a rana. Ana tashi da asuba, tun yashi na da sanyi yana riƙe da kansa, in rana ta take ka nemi gawo ka kwanta. Hanyar da ta fi kowace daɗi kuwa ita ce ta washegarin ruwan farko. Yashin nan da ya wahalar da kai duk rani sai ya kwanta ya daskare kamar daɓen ɗaki, keke ya dinga gudu da kansa. Daɗin ba ya daɗewa, don ruwan da ya gyara tudu shi ne ya ɓata fadama.

Lakar fadama ba irin taɓon da kuke gani a bakin famfo ba ce. Baƙa ce, tana kama taya ta naɗe, ta cushe tsakanin taya da ƙarfen da ke rufe ta, har ƙafar ta ƙi juyawa ko da turawa. Nan tsinken geza ke aiki: ka kankare, ka yi ƴan taku, ka sake kankarewa. In hanya ta rabu, kada ka bi ta shanu. Kofatonsu na huda laka, in ta bushe sai ta zama ramuka masu karya wayoyin taya. Ka bi ta jakuna, in ka samu ta raƙuma ka gode wa Allah, don tafin raƙumi shimfiɗa ƙasa yake. Kada kuma ka tambayi mai tahowa yadda hanya take. Kowa zai ce maka lafiya lau, don ba a yi wa matafiyi mugun baki. Ka gaishe shi, ka saci kallon ƙafarsa, inda laka ta tsaya a ƙwaurinsa nan za ta tsaya a naka. Matan Fulani masu kawo nono sun fi kowa amfani a wannan, su ke fara ratsa fadama da safe.

Ƙorama ita ce mai kisa. Ruwan da ke saukowa daga duwatsun Adar ba ya jiran a yi hadari a inda kake. Sama na iya zama fes a kanka, ka shiga busasshen kwari, ruwan da aka yi can wajen Keita ya same ka a tsakiya. In ka ga ruwa ja yana ɗauke da kumfa da kashin awaki da karan dawa, ƙaruwa yake, ka zauna. In ya fara barin layin datti a gefe, raguwa yake. Bayan ƙorama sai duwatsu, su kuma gefen taya suke ci. A cikin yashin tudu ga tsidau ta bara kwance tana jiran roba. Wannan duka takawa ce kawai, in ji samarin rumfata.

Dokar lokacin ita ce, duk inda keken sarushi ya kasa tafiya, garin da ke kusa zai ba da mutum ya ɗauke shi a ka har iyakar ƙasarsu. Gida-gida ake bi, kowane gida da ranarsa. Gidan da ya ƙi, ko aka ce ya ƙi, maigidan zai tafi fasa dutse a hanyar Keita, gonarsa ta zama ta ciyawa. Kowa ya saba da abin, ni ma na saba. Ni ke aza wa mutum keken, don akwai yadda ake kwantar da shi: gefen kaca a sama, tsakiyar ƙarfen a kan gammo, a ɗaure abin takawa da igiya don kada ya dinga dukan kafaɗa.

A cikin waɗannan shekarun na auri Hajo, daga wani ƙauye gefen Babankatami, a bakin wata fadama da hanyar mota ke ratsawa. Mahaifinta ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai iya ba. Baba nake ce masa. Dogon mutum ne marar yawan magana, manomin da ake kwatance da gonarsa. Bai so auren ba. Da Alu ya je nema mini, cewa ya yi, "Mutum da ba shi noma, sai awon hanya bisa ƙarhen Annasara, mi za shi ba ɗiyata ta ci in Annasara ya tahi?" Ƙanwarsa, Gwaggo Ai, ita ta dinga lallashinsa har ya sauko. Ya ce, "Na ba shi, amma ina kallo." In zan je gaishe shi, tun daga bayan gari nake sauka, in cire hular sarushi da takalma, in shiga in durƙusa nesa da tabarmarsa. Ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi tsakanin mutum da surukinsa, kuma haka ya fi mana sauƙi.

Sai shekarar wahala ta zo. Yaƙin Turawa ya kai inda aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, wato maƙwabtanmu na kudu da ke hannun Turawan Ingilishi, inda roba da danƙo ke fito mana. Robar cikin tayata ta sha faci har facin ya fi robar yawa, daga baya ta ƙi riƙe iska ko kaɗan. Alu ya zauna ya yi tunani, ya aike ni in yanko ciyawa. Muka murɗa busasshiyar ciyawa kamar igiya, muka cusa cikin taya muna dannawa da ƙotar guduma har ta yi tauri, baduku ya ɗinke inda tayar ta yage da fata. Keke ya tafi, amma kowane dutse sai ka ji shi a haƙoranka. Babban aibin tayar ciyawa shi ne ruwa. In ta sha, nauyinta sai ya ninka, ta kwana biyu ta fara ruɓa tana wari, ta lotse. Don haka a daminar nan, wurin da a da zan kankare laka in wuce, dole a ɗauka.

A daminar ce Hajo ta tafi gidansu haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna abokaina suka je, ni na ɓuya a Madawa kamar yadda ake yi a ɗan fari. Saura ta gama wanka in haɗa ɗan abin da ya samu in je in durƙusa a ba ni matata. Ba kowa ake ba ba. Uban da bai gamsu da miji ba, a nan yake riƙe ƴarsa, ya ce tana hutawa, hutun ya zama rabuwa. Maganar nan tasa ta "ina kallo" ba ta bar kunnena ba.

Ana tsakiyar noma na biyu aka ce mu duba hanya. Gardin da aka haɗa ni da shi Sidiki ne, mutumin yamma can nesa, Hausarsa guntu-guntu, bai san kowa ba a ƙasar nan, bai san wa ya auri ƴar wa ba. Ba mugu ba ne, mutum ne da ke son ya gama ya koma. An kwana ana ruwa. Tun kafin mu kai ƙauyen su Hajo tayoyina sun jiƙe, suna tsiyayar baƙin ruwa. Na ga wata Bafulatana ta fito daga fadama da laka har gwiwa, na san yau sai an ɗauki keken. Na ce wa Sidiki mu zaga ta tudu, akwai hanyar raƙuma. Ya ce, "Kamyo ba ya bi hanyar raƙumi. Nan a duba." Gaskiyarsa ce.

Aka kira mai gari. Ya san ni sarai, ya ci goron aurena. Ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai. Sidiki ya tambayi gidan da ke da rana. Mai gari ya nuna wani saurayi, ya ce wannan ya ɗauka. Uban saurayin ya miƙe ya ce, "Mu munka ɗauki kayan likita wancan zuwa. Kowa ya san gidan da ka bi mamu." Shi ma gaskiyarsa ce, yana da gona. Gidan da ke bin su gidan Baba ne. Ƴaƴansa maza biyu, an ɗauki ɗaya soja, ɗayan ya tsallaka ƙasar Ingilishi don kada a ɗauke shi. Babu namiji a gidan sai shi. Aka aika gona.

Na ja Sidiki gefe, na ce ni zan ɗauki kekena yau, wuyana ƙalau. Ya ce, "Kai ka ɗauka, ni in ce gida ya ƙi. Ka san inda mai ƙi ya tafi." Na buɗe baki zan faɗa masa ko wane ne, sai ga Baba ya fito daga cikin hatsi da hauya a kafaɗa, ƙafafunsa duk ƙasa. Mutanen gari sun taru. Ni kuma ga ni tsaye cikin kaki, da hula a kai, da takalma a ƙafa, abin da bai taɓa gani ba a jikina.

Ya jingine hauyar a darni. Bai dubi fuskata ba, hular ya duba. Ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka shi daɗe, ina kayan?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Amma na gane abin da ya yi. Ya mai da ni baƙo. Baƙon ma'aikaci na iya aza wa dattijo kaya, wannan zaluncin zamani ne, kowa ya sha shi. Suruki kuwa ba ya aza wa uban matarsa kaya ya sake shiga gidan. In na ce "Baba" a gaban jama'a, na tabbatar da abin da yake ƙoƙarin ya hana ya zama gaskiya. Garin duka suka bi bayansa. Mutanen da suka yi mini rakiyar ango suka tsaya suna kallona kamar yau suka fara ganina, matan da ke leƙe ta kan darni suka janye kai. Ba wanda ya kira sunana.

Ya cire hularsa ya soke a ƙugu, ya kwance ɗan rawanin da ke wuyansa ya naɗa gammo. Ya durƙusa. Ni na ɗaure abin takawa, ni na kwantar da keken, ni na ɗaga na aza. Ranar na fara ganin tsakiyar kansa, furfura ce fat. Da nauyin ya sauka na ji numfashinsa ya fita. Tayar ciyawa mai ruwa ba kayan dattijo ba ce. Ya miƙe a hankali, baƙin ruwan ya fara ɗiga a kafaɗar rigarsa.

Da ya juya ya kama hanya, na sunkuya na kwance takalmana, na ɗaure igiyoyinsu na rataya a wuya. Hular ba ni da ikon cirewa a gaban gardi, amma takalma ina da hujja. Sidiki ya ce, "Ka haukace? Akwai ƙaya." Na ce laka na ɓata fata, kayan sarushi ne. Ya yi dariya ya ce ni mai tattali ne. Ba tattali ba ne. Kafin ranar ban taɓa taka ƙasa da takalmi a inda mutumin nan yake ba, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mini da zan iya yi. Na san ba zai gani ba. Mai keke a ka ba ya waiwaye.

Hanyar ta bi ta bayan gidansa. Na ji ƙamshin hayaƙin ruwan wanka, na ji kukan jariri ta cikin darni. Karo na farko ke nan da na ji muryar ɗana, ina bin bayan kakansa da na yi wa lodi. Baba bai rage tafiya ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Muka shiga fadama. Laka ta kama shi har gwiwa, yana zare ƙafa ɗaya yana dasa ɗaya, keken na lilo a kansa. Ni da na san kowace dabara ta hanya, ba ni da dabarar da zan yi masa. Na sa hannu ta baya na ɗan tallafi tayar don nauyin ya ragu. Ya ji. Bai juyo ba, ya ce, "A bari, ranka shi daɗe. Na iya." Na sake. Sidiki na can gaba a kan doki yana korar ƙudaje.

A bakin ƙorama ruwan ja ne, amma ya fara barin datti a gefe. Baba ya tsaya ya dube shi yadda ni ma zan duba, ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji. A tsakiya ƙafarsa ta zame a kan dutse, keken ya karkata gefe guda da dukan nauyinsa. Da ya sake shi ya faɗa ruwa da ba abin da zai same shi a jiki, amma ya san abin da ake yi wa wanda ya jefar da kayan sarushi. Ya riƙe, ya mai da shi daidai da wuyansa. Na ji wani ɗan sauti ya fito daga bakinsa, bai ƙara ba. Muka haye.

Bayan ƙorama tudu ne na yashi da tsidau, sannan hawan duwatsu. Ƙafafuna sun manta koyarwar Alu, takalman sarushi sun lalata su. Tsidau ta shiga, duwatsu suka yanka. Na ji daɗin zafin, in faɗa muku gaskiya, don ya ba ni abin da zan sa hankalina a kai ban da bayan rigar da ke gabana, wadda ta rine baƙi daga wuya har ƙugu.

Iyakar ƙasarsu wani babban gawo ne. Nan na sauke masa. Ya tsaya yana kwance gammon a hankali, ya ce, "An sallame ni?" Ni ya kamata in amsa, sai na duƙa ina kwance igiyar abin takawa. Sidiki ya ce, "Tafi, tsoho." Ya sa hularsa, ya juya da dukan jikinsa, ya kama hanyar gida. Na mayar da takalmana kafin ya juya, don kada ya ga ƙafafun ya zama dole ya ce wani abu.

Muka kai Buza, muka kai Keita, muka dawo. Na faɗa wa Annasara hanya ba ta biyuwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce dama babu man da za a zuba wa kamyon, sai bayan kaka. Alu ya zaunar da ni ya dinga cire mini ƙaya da matsefata, ƙafafun sun kumbura sun yi ruwa. Bai tambaye ni komai ba, labari ya riga ni isowa.

Lokacin ɗauko Hajo ya zo ya wuce, ban je ba. Da wace fuska zan durƙusa a gaban mutumin nan in ce a ba ni? Ƴan ƙauyensu da ke zuwa kasuwa suka ce wuyan Baba ya ƙage, maƙwabta ne suka yi masa gayya suka ƙarasa noman. In na hango su sai in shige bayan rumfa. Alu ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce, "Kai yaro, mata ba ajiya ta ba. In ba ka tahi ba, cewa za a yi ka sake ta." Na ce to, ban tafi ba. A raina na riga na gama: ya ce yana kallo, ya kuwa gani. Na fara koya wa kaina cewa ina da ɗa a wani gari wanda zai tashi bai san ni ba.

An gama yankan hatsi, ranar kasuwa, ina durƙushe a maƙera ina cusa sabuwar ciyawa a taya, sai inuwa ta rufe ni. Jaki ne ya tsaya a ƙofar rumfa. Gwaggo Ai na riƙe da igiyarsa, Hajo na kai da goyo, ta rufe fuska da mayafi, ga ƙwarya da tabarma ɗaure a gefe. A bayansu Baba ne. Na zube a inda nake, kaina a ƙasa.

Bai yi mini magana ba. Ya gaida Alu, suka daɗe suna gaisuwa, ya ce hauya ya zo saye, tasa ta cinye. Su mata kuma sun ce za su kasuwa, shi ya sa suka biyo shi. Alu ya baje masa hauyoyi, ya dinga ɗagawa yana gwada kaifinsu da babban yatsa. Can ya ce, "Alu, da damana wani mai keke ya biyo ta garinmu. Baƙo na, ban san shi ba. Ni niɗ ɗaukam mai kaya har gawon iyaka."

Alu ya ce, "Na ji labari."

Ya ce, "Da niz zaka gida, hanyar da munka bi ita nib bi. Ina duban sawuna cikin laka, sai nig ga wani sawu bayan nawa, tun daga ƙohwar gari har gawo. Shi ma ba takalmi. Bisa duwatsu kuma akwai jini, ba nawa na ba." Ya ajiye hauyar da ke hannunsa ya ɗauki wata. "Ko ɗan waye, an yi mai tarbiyya."

Sannan ya juyo wajena. Wuyan ba ya juyawa, sai da ya juyo da kafaɗu da ƙirji gaba ɗaya, kuma haka ya dinga juyawa har ƙarshen ransa, a gabana, a kowace gaisuwa. Ya dubi ƙafafuna, ya ɗan daɗe. Ya ce wa ƙanwarsa, "Ai, sauke yarinyar ga, rana ta yi ma yaro yawa."

Ya biya hauyarsa ya tafi. Na yi shekaru masu yawa ina zuwa gaishe shi, na yi masa noma da hannuna bayan an daina aikin dole, ni na riƙe makararsa ta gaba. Har ya koma ga Allah bai gane mai keken nan ba.